Hancin da Aka Gyara: Yini Biyu a Amstadam Kan Sawun Wani Mai Zane

Ruwan sama ne ya kora ni cikin shagon. Wani taron ƙara wa juna sani ya kai ni Amstadam, babban birnin ƙasar Holan, a cikin watan Oktoba, aka tashi daga taron ina da sauran yini biyu kafin jirgina, sai na ce bari in taka zuwa Rijksmuseum, babban gidan adana zane-zane na ƙasar. Hanyar da na bi ta ratsa wani siririn titi mai suna Nieuwe Spiegelstraat, wanda daga bakinsa har ƙarshensa kusan babu abin da ake sayarwa sai kayan da: agogunan bango, tangaran mai shuɗin zane na garin Delft, taswirorin teku da suka yi jawur don tsufa, azurfa da hotuna. Ruwan Holan ba ya sallama kamar namu. Babu gangamin hadari, babu iska mai ƙura, sai dai kawai ka ji wuyan rigarka ya jiƙe. Na tura ƙofar da ta fi kusa da ni, ƙararrawa ta yi ƙara, na shiga ina kakkaɓe hula.

Mai shagon wata dattijuwa ce, tabarau rataye a wuyanta da siririyar sarƙa. Ta gane ba ciniki ya kawo ni ba, amma ba ta nuna ba. Don kada in tsaya ƙiƙam kamar wanda aka aiko, sai na sunkuya kan wani akwatin gilashi na shiga kallon abin da ke ciki. A can gefe, tsakanin wani zoben hatimi da gwangwanin taba na azurfa, na ga wani ɗan mitsitsin hoto mai siffar ƙwai, wanda bai cika tafin hannuna ba, an kewaye shi da baƙin katako. Hoton wani mutum ne daga ƙirji zuwa sama, da hular gashi mai zubowa har kafaɗa irin ta manyan Turawan wancan zamani, da farin ƙyalle a wuya. Fuskarsa a natse take, goshi mai faɗi, hanci miƙaƙƙe ɗan daidai, leɓe kamar yana shirin yin magana.

"Yallaɓai, ka san shi?" in ji dattijuwar. Na ce ban sani ba. Ta buɗe akwatin, ta ɗora mini hoton a hannu, ta miƙo mini gilashin ƙara girma. Ya fi yadda na zata nauyi, domin a kan farantin jan ƙarfe aka yi fentin. Da na kanga gilashin sai na ga kowane silin gashi an ja shi daban, da buroshin da bakinsa bai fi gashin gira kauri ba. Ta juya bayansa, ga wata tsohuwar takarda manne, an rubuta da tawadar da ta koɗe: Gerard de Lairesse.

Ta faɗa mini gaskiyar abin da ta sani, kuma na yaba mata a kan haka, don dillalin da zai rage wa kayansa daraja da bakinsa ba kullum ake gamuwa da shi ba. Ta ce ba ta san wanda ya zana ba, kuma a ganinta an yi shi ne bayan rasuwar mutumin, a ƙarni na 18, lokacin da masu hali ke yayin tara ƙananan hotunan mashahurai su jera a durowa. Ta ba ni misalin wani mai zane na birnin, Arnoud van Halen, wanda ya fara irin wannan tari na hotunan mawaƙa da marubutan Holan, aka ci gaba da shi bayansa har ya haura 300, yawancinsu ba daga rayayyen mutum aka zana su ba, daga tsofaffin hotunan ɗab'i aka kwafo. Sannan ta yi murmushi ta ce, "Abu ɗaya ne na tabbata: wannan hanci ba nasa ba ne."

Ta jawo wani ƙaton littafi daga kanta, ta buɗe wani shafi ta juyo mini. Hoton da Rembrandt, gwanin masu zanen Holan, ya yi wa mutumin nan ne wajen 1665, wanda yanzu yake gidan adana zane-zane na Metropolitan a birnin Niyok. Saurayi ne ɗan shekara 24 a zaune, cikin baƙaƙen tufafi, da takarda a hannu. Karan hancinsa ya lotsa ciki, kan hancin ya ɗago sama guntu, idanu sun yi zuru-zuru, fuskar ta yi fari fat kamar ta wanda ya daɗe yana jinya. Likitocin zamaninmu da suka duba hoton sun ce alamun tunjere ne da aka haife shi da ita. Rembrandt bai rage komai ba. Amma kuma bai yi masa izgili ba. Saurayin yana kallonka kai tsaye, kallon wanda ya riga ya san abin da kake tunani game da fuskarsa, kuma ya saba.

Na tsaya da hoto ɗaya a tafin hannu, ɗaya a kan tebur, sai zuciyata ta tafi gida. Mahaifina yana da zanzana, tabon agana da ta kama shi yana yaro. Bayan rasuwarsa na ɗauki ɗan hotonsa na fasfo na kai wa wani mai hoto ya faɗaɗa mana. Yaron, da kyakkyawar niyya, ya sa kwamfuta ya share tabon kakaf, ya mayar da fuskar sumul. Na biya, na sa a firam, na kai wa mahaifiyata ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini ta ce, "Wannan dai kyakkyawan mutum ne, Allah ya ji ƙansa, amma ba Malam ba ne." Hoton yana bayan durowa har yau, fuskarsa na kallon bango. Ban taɓa yanke hukunci ko yaron ya yi laifi ba, don na san Malam kansa ba ya son a ɗauke shi hoto a cikin haske mai ƙarfi.

Wannan ne ya sa na fasa abin da na tsara, na ba da yinina biyu ga bin sawun mutumin da ban taɓa jin sunansa ba sai a wannan safiya. Dattijuwar ta rubuta mini wurare a bayan katin shagonta, na fita ruwa ya tsagaita.

Lairesse ba ɗan Amstadam ba ne. An haife shi a birnin Liège, cikin ƙasar Beljiyam ta yau, wajen 1641, a gidan masu zane, ya koyi sana'ar a hannun mahaifinsa. A 1664 ya gudu daga garin bayan wata rigima ta soyayya da ta haɗa shi da wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya har aka kai ga zare makami. Ya yi aure a kan hanya, ya yi ɗan zama a Utrecht, daga nan wani dillalin zane mai suna Gerrit van Uylenburgh ya ga aikinsa ya jawo shi Amstadam. Arnold Houbraken, wanda ya rubuta tarihin masu zanen Holan, ya kawo labarin ranar da ya fara shiga ɗakin aikin dillalin: ma'aikata suka yi tsuru suna kallon fuskarsa, shi kuwa ya zaro gogensa irin na Turawa ya ɗan yi kiɗa, sannan ya ɗauki buroshi ya rufe musu baki da aiki. Ko labarin ya faru haka ko an yi masa gishiri, ya dace da saurayin da na gani a hoton Rembrandt.

Zangona na farko bai fi tafiyar minti biyar daga shagon ba. Amstadam birni ne da aka yanka da hanyoyin ruwa masu zagaye kamar bawon albasa, kuma mafi alfarma a cikinsu ita ce Herengracht, wato magudanar manya. Akwai wata kwana a kanta da ake kira Kwanar Zinariya, inda attajiran ƙarni na 17, waɗanda jiragensu suka kwaso dukiya daga Asiya da gaɓar Afirka da Amurka, har da cinikin bayi a ciki, suka gina gidaje masu faɗin fili biyu. Na tsaya a gaban lamba 446, gidan Andries de Graeff, wanda ya riƙe muƙamin magajin gari sau da dama. A rufin babban zauren gidan nan Lairesse ya yi zanensa na Nasarar Zaman Lafiya, ya gama a 1672. Ka ji ikon Allah: a wannan shekarar ce Faransa da Ingila da wasu sarakunan Jamus biyu suka far wa Holan gaba ɗaya, har mutanen ƙasar ke kiranta Shekarar Bala'i, shi kuma mai gidan ya rasa kujerarsa. Zanen ma ba ya nan yanzu. An ɗauke shi zuwa Fadar Zaman Lafiya da ke birnin Heg, mazaunin Kotun Duniya, ginin da aka yanke hukuncin Bakasi tsakanin Najeriya da Kamaru a 2002. Ni dai bango da tagogi na kalla, masu keke suna ta kaɗa mini ƙararrawa don na tsaya a kan hanyarsu.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin mai zane muke magana a kai. Bayan mutuwar Rembrandt, da wuya a sami wanda ya fi Lairesse kasuwa a birnin. Ya yi wa attajirai rufin zaure da bango, ya yi wa gidan wasan kwaikwayo na birnin labulen fage, ya yi wa Wiliyam na Uku aiki, wanda daga baya ya zama sarkin Ingila, ya kuma ƙawata zauren babbar kotun lardin Holan a Heg, zauren da har yau ake kira da sunansa. Zamanin da ya rayu a ciki shi ake kira Barok, zamanin zane mai girma da motsi da alfarma, amma shi ya karkata ga reshen da ya fi natsuwa, wanda ke koyi da gumakan tsoffin Girkawa da Rumawa da kuma Bafaranshen nan Poussin, har ana yi masa laƙabi da Poussin na Holan. Aƙidarsa a taƙaice ita ce: aikin mai zane bai tsaya ga kwafar abin da ido ya gani ba, wajibinsa ne ya zaɓi mafi kyau a cikin halitta, ya gyara abin da ya karkace, ya nuna duniya yadda ya kamata ta kasance. Zanen mashaya da mabarata da tsofaffi masu tamoji, wanda Holan ta yi suna da shi, a wurinsa ɓata fenti ne.

Da na karanta wannan da dare a masauki, sai na yi saurin yanke hukunci irin na malaman jami'a: ga mutumin da halitta ta ɓata wa fuska, shi ya sa ya ƙirƙiro aƙidar gyara halitta. Zancen yana da daɗin faɗa. Amma wani abu ya hana ni sakewa da shi. A 1685 likita Govard Bidloo ya fitar da babban littafinsa na sassan jikin ɗan Adam, mai hotuna 105, kuma Lairesse ne ya zana su. Gawawwaki ne da aka feɗe, ga igiyoyin da aka ɗaure su, ga allurai da aka kafe fata da su, a wani shafin ma har da ƙudan da ya sauka a kan aikin. Wanda ya zana waɗannan ba tsoron kallon gaskiya yake yi ba. Ya iya kallonta sarai, ya dai ɗauka cewa tana da ɗakinta, ɗakin likita, kuma bangon zaure ba wurinta ba ne.

Washegari da hantsi na nufi Westerkerk, cocin da hasumiyarsa ta fi ta kowane coci tsawo a birnin, a bakin magudanar Prinsengracht. Jerin masu yawon buɗe ido ya miƙe a gefensa, amma ba cocin suke jira ba, gidan Anne Frank da ke maƙwabtaka suka nufa. Ciki fari ne tas, haske ta ko'ina, babu tarkacen ado. A nan aka binne Rembrandt a watan Oktoba na 1669. Ya mutu da talauci, shekara 13 bayan karayar arzikin da ta raba shi da babban gidansa, aka sa shi a kabarin haya marar suna, kuma har yau ba a san takamaiman inda yake kwance ba. Allon tunawa kawai aka manna daga baya. Na ɗaga kai sama, can bisa ƙofa, ga ƙaton abin kiɗan nan na coci mai bututu da ake kira ogan, da ƙyamarensa masu faɗi kamar fukafukai. Lairesse ne ya yi musu zane a 1686, shekara 17 bayan jana'izar. A ɗaya daga ciki ya kawo labarin sarauniyar Saba, wadda muke kira Bilƙisu, da kyaututtukan da ta kawo. Komai a tsare, kowace fuska lafiyayya, kowane hanci a miƙe.

Na zauna a benci na daɗe. Ɗaya yana sama cikin launi da ruwan zinariya, ɗaya yana ƙasa ba a san inda ƙashinsa yake ba, kuma duk wanda ya shigo cocin a lokacin da nake zaune, na ƙasan yake tambaya.

Shekara huɗu bayan wannan aiki, a 1690, cutar da ta lotsa masa hanci ta cinye masa idanu. Yana kusan shekara 50, a tsakiyar ƙarfinsa, ya makance. Abin da ya yi bayan nan shi ne ya sa na daina yi masa kallon tausayi na koma girmama shi. Ya mayar da gidansa makaranta. Masu zane da masu sha'awa suna zuwa suna biya, makaho yana zaune yana koya musu yadda haske ke faɗawa kan tsoka, yadda ake jera mutane a fage, wane launi ke zama lafiya kusa da wane. 'Ya'yansa maza suka taimaka aka tattara darussan, aka buga littafin koyon zane a 1701, sannan babban littafinsa, Groot Schilderboek, a 1707. An fassara shi zuwa Jamusanci da Faransanci da Ingilishi, ya zama abin karatu a makarantun zane na Turai fiye da ƙarni guda, har kwafinsa ya kai Japan ta hannun 'yan kasuwar Holan, masu zanen can suka koyi dabarun Turawa daga cikinsa.

A cikin wannan littafi ne ya taɓa Rembrandt. Ya amsa cewa a dā shi ma salon dattijon ya burge shi, amma da ya fahimci ƙa'idojin sana'a sai ya bar shi, ya kuma gargaɗi ɗalibai kada su laɓta fenti har ya riƙa gangarowa a kan allo kamar taɓo. Masu tarihi da yawa sun ɗauki wannan a matsayin butulci. Ni ban gan shi haka ba, ko kuma in ce ban gan shi haka kaɗai ba. Mutum ne yake magana a kan wanda ya taɓa zaunar da shi yana saurayi, ya ƙare masa kallo, ya ajiye wa duniya fuskarsa ba tare da ya sassauta ko da tsinin buroshi ba. Littafin yana da sashe a kan hoton mutum, inda ya tattauna yadda mai zane zai yi da aibin fuska: wanda za a iya sakayawa da juya kai ko da inuwa, da wanda in an cire shi kamannin ya tafi. Makaho mai lotsattsen hanci ne yake shifta wannan. Ya san tambayar daga ciki, fiye da yaron da ya share zanzanar mahaifina, fiye da ni ma.

Ya rasu a 1711. Bayan ƙarni ɗaya da rabi sai ma'auni ya juye. Holan tana neman gwarzon da za ta yi alfahari da shi, ta ɗauko Rembrandt, ta kafa masa gunki a tsakiyar birni a 1852, ta gina Rijksmuseum a 1885 da doguwar farfajiya da ke kai ka kai tsaye gaban babban zanensa na 1642 da ake kira Sintirin Dare. Lairesse kuwa aka ɗora masa laifin lalacewar zanen ƙasar, aka ce shi ya shigo da sanyin Faransa ya kashe wutar gida. Na shiga gidan da rana, na ga cincirindo a gaban Rembrandt, wayoyi a sama kamar ana addu'a. A ɗakin da na tarar da aikin Lairesse ni kaɗai ne da mai gadi. Sai a 2016 aka shirya masa babban baje koli na kansa, shi ma ba a Amstadam ba, a garin Enschede can kusa da iyakar Jamus. Zan faɗi ra'ayina ba tare da kara ba: zanensa bai taɓa zuciyata yadda na abokin hamayyarsa ya yi ba. Gwaninta ce tsantsa, amma mutanen ciki kamar ba su taɓa jin yunwa ko ciwon kai ba. Duk da haka, rashin adalci ne a ce mutumin da ya koyar da Turai zane da idanu a rufe, a yau yawancin waɗanda suka san shi, sun san shi ne a matsayin majinyacin da Rembrandt ya zana.

Birnin bai manta da shi gaba ɗaya ba. Daga gaban babban zauren kiɗa na Concertgebouw akwai wani titi mai faɗi da ya miƙe kudu maso yamma, De Lairessestraat, mai itatuwa da manyan gidaje da layin taragon cikin gari. Na bi shi da ƙafa na ɗan lokaci. Na tambayi wani saurayi da ke ɗaure kekensa ko ya san wanda aka sa wa titin sunansa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila wani janar ne na Faransa.

Da yamma, kafin a rufe shaguna, na koma wurin dattijuwar. Ta fito da hoton ba tare da na roƙa ba. A wannan karo na kalle shi da wani ido. Wanda ya zana shi, ko wane ne, mai yiwuwa ɗalibin littafin ne, ya karanta cewa wajibin mai zane ya gyara abin da halitta ta karkatar, sai ya yi wa malaminsa biyayya a kan fuskar malamin. Ya ba shi hancin da aƙidarsa ta nema. Sai dai da alama ya tsallake inda malamin ya yi magana a kan aibin da in an cire shi kamannin ya tafi, domin ba don takardar da ke manne a baya ba, babu mahaluƙin da zai ce wannan Lairesse ne.

Na tambayi kuɗinsa. Ta faɗa, na lissafa a zuci na ga ya kusa albashina na wata huɗu, na yi dariya, ita ma ta yi. Ta ce hoton ya shekara shida a akwatin. Masu neman Lairesse suna cewa bai yi kama da shi ba, masu neman kyakkyawar fuska kuma ba su san sunan ba. Na roƙi izinin ɗaukarsa da waya, ta ce in ɗauka gaba da baya. Ta mayar da shi gurbinsa tsakanin zoben da gwangwanin taba, ta murza makulli.

A tashar jirgin sama na kira ƙanwata, na ce ta duba cikin tsohuwar jakar takardun Malam, ko ɗan asalin hoton fasfon nan yana nan. Ta ce yana nan, sai dai gefensa ya ɗan ci ruwa. Na ce ta ajiye mini shi yadda yake, kada ta ba kowa ya taɓa.